Hoton Abin da Ba Ya Tsayawa

Ɗora yatsa a kan maƙogwaronka ka ce "kasa", sannan ka ce "ƙasa". In ka natsu, a ta biyun za ka ji maƙogwaron ya ɗan zabura sama kafin sautin ya fashe. Bahaushe yana yin wannan motsi sau ɗaruruwa a wuni bai ma san yana yi ba, kuma malaman ilimin furuci sun daɗe da rubuta cewa ƙ da ts ana yin su ne da ɗaga maƙogwaro, ɓ da ɗ kuwa da sauke shi. Sai dai ji da yatsa daban, gani daban. Mai son ya auna milimita nawa maƙogwaron ya hau, ko ya san wa ya riga wani motsawa tsakaninsa da bayan harshe, yana buƙatar na'urar da za ta leƙa cikin wuya mutum yana tsakiyar magana. Hoton eksire yana iya yi, amma haskensa yana cutarwa idan ya yi yawa, ba a kuma dulmiya lafiyayyen mutum cikinsa don a ji yadda yake faɗin "ƙasa". Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita ba ta ratsa iska da ƙashi, baki kuwa iska ce da ƙashi. Abin da ya rage shi ne MRI, wadda ke ganin tsoka tar kuma ba ta da haske mai cutarwa. Aibinta ɗaya, nawa. Duk wanda aka taɓa shigarwa cikin wannan rami mai ƙara ya san umarnin farko da ake ba shi: kada ka motsa.

To yaya aka yi na'urar da ke hana motsi ta koma ɗaukar bidiyon harshe yana rawa, da zuciya tana bugawa, da loma tana gangarawa? Amsar ba ta cikin maganaɗisun sosai. Tana cikin lissafin da ake yi bayan an gama awo, wato gina hoton.

Sai an fara fahimtar dalilin nawar. Kyamara tana buɗe ido sau ɗaya ta kwashe duk abin da ke gabanta. MRI kuwa tambayoyi take jerawa, ɗaya bayan ɗaya. Ana kwantar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 (na 1.5 ɗin ya ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000), sai ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwa da kitsen jikinsa su karkata su bi shi. A buga musu igiyar rediyo, su mayar da martani da tasu. Martanin dai ba ya zuwa da adireshi, jiki ne gaba ɗaya ke amsawa baki ɗaya. Dabarar da Paul Lauterbur ya wallafa a 1973 ita ce a riƙa ɗan karkata ƙarfin maganaɗisun daga wannan gefe zuwa wancan, yadda kowane wuri zai amsa da irin tasa muryar. Wannan ƙara mai kama da ta maƙera da ke damun marasa lafiya, ƙarar kunnawa da kashe ƙananan maganaɗisun da ke yin wannan karkatarwa ce.

Abin da kowane awo yake faɗa shi ne yadda jikin ya dace da wani zanen ratsi. Ɗauki zanen saƙi: akwai ratsi mai faɗi, akwai siriri, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace. Na'urar tana gwada jikin da kowane irin ratsi, ta rubuta amsar a wani allo da masana suke kira filin k. Tsakiyar allon ta masu faɗi ce, su ke ɗauke da siffa da haske da duhu. Gefensa na sirara ne, su ke fitar da bakin leɓe da tsinin harshe. In allon ya cika, sai a bi ta lissafin Fourier, Bafaranshen nan na farkon ƙarni na 19, hoto ya fito.

Cika allon ne ke cin lokaci. A ce layi ɗaya yana cin milisakan 2, wato kashi biyu cikin dubu na sakan, kuma ana buƙatar layi 200. Hoto ɗaya ya ci milisakan 400 ke nan. A cikin wannan ɗan lokaci mai magana ya furta gaɓa biyu ko uku. Layukan farko sun ba da labarin harshen da ke sama, na ƙarshe sun ba da labarin wanda ya riga ya sauka, lissafi kuma ya haɗa su a matsayin abu ɗaya. Abin da ke fitowa dishi-dishi ne, wani lokaci da inuwoyin gaɓar a jere kamar fatalwa.

Likitocin zuciya sun daɗe da samo hanyar kaucewa. Tunda zuciya maimaita abu ɗaya take yi, sai a liƙa wa mutum wayoyin awon bugu a ƙirji, a ce ya riƙe numfashi na sakan 10 ko 15, a tsinci 'yan layuka daga kowane bugu, a ƙarshe a ɗinka su su zama bugu guda. Hoton yana fita da kyau ƙwarai, har yau ma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Amma bugun da likita ke kallo bai taɓa faruwa ba, gamin gambiza ne na bugu goma ko fiye. Kuma dabarar tana watsa wa mutum ƙasa a ido daidai inda aka fi buƙatarta: mai zuciyar da ke tsallake bugu, da mai ciwon da ba ya iya riƙe numfashi, da ƙaramin yaron da sai an sa shi barci kafin ya tsaya. Haɗiya da magana da muƙamuƙin da ke sarƙewa kuwa ba sa maimaita kansu ko kaɗan.

An fara da ƙara wa injin gudu. Peter Mansfield na Nottingham, wanda ya raba kyautar Nobel da Lauterbur a 2003, ya fito a 1977 da hanyar share allon gaba ɗaya a bugun rediyo guda. A 1985 Jens Frahm da Axel Haase da abokan aikinsu a cibiyar Max Planck da ke Göttingen a Jamus suka ƙirƙiro FLASH, wadda ta maida hoton da ke cin mintoci ya koma na sakanni. Daga nan aka ci karo da bango, bangon kuma jikin mutum ne. In aka matsa wa ƙananan maganaɗisun nan su riƙa juyawa da sauri fiye da kima, jijiyoyi kan fara amsawa, mutum ya ji tsokarsa tana fizga. Hanya ɗaya ta rage: a rage yawan tambayoyin. Maimakon layi 200 a auna 10, hoto ya zama na milisakan 20, hamsin a sakan guda. Kashi 95 cikin ɗari na allon fayau ne, kuma duk gardamar da ake yi a wannan fanni shekara ashirin da wani abu a kan abin da za a cike wannan gurbi da shi ne.

Matakin farko shi ne zaɓen layukan da za a auna. In aka tsallake layuka a allon da ake cikawa jere-jere kamar kunyoyin gona, hoton kan naɗe ya hau kansa, hanci ya faɗo cikin ƙeya. Shi ya sa masu bin motsi suka fi son layukan da ke ratsa tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke. Kowane layi ya bi ta cibiya, don haka kowanne ya ɗebo wani abu daga siffar gaba ɗaya, kuma kuskuren da rashin sauran ke jawowa yakan bazu ya zama 'yan zare-zare a faɗin hoton, gaɓar kanta tana nan a wurinta. (Abin dariya, da irin wannan tsari Lauterbur ya yi hotonsa na farko, aka yar da shi shekaru, aka dawo aka tsince shi.) Wasu kuma, musamman a jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles, sun fi son layin da ke faro daga cibiya yana kewayawa waje kamar ɗinkin faifai. A 2007 aka nuna amfanin juya kowane sabon layin ƙafar keke da digiri 111.25 daga na bayansa. Da wannan kusurwa, duk inda ka yanko layuka a jere, ko 8 ko 34, za ka tarar sun bazu kusan daidai a allon. Mai bincike sai ya auna tukuna, daga baya ya yanke shawarar ko hotuna masu sauri yake so ko masu kyau.

Mataki na biyu shi ne yawaita kunnuwa. Eriyar da ke sauraron jiki ba ɗaya ba ce yanzu, akan jera 16 ko 32 ko fiye a kewaye da kai ko ƙirji, kowace ta fi jin abin da ke kusa da ita. Bambancin abin da suka ji shi kansa adireshi ne. SENSE da aka fitar a Zurich a 1999 da GRAPPA ta Würzburg a 2002 sun yi amfani da wannan suka rage awo ninki biyu zuwa huɗu, kuma kusan babu injin zamani da ba ya ɗauke da ɗayansu. Sharaɗinsu shi ne a san taswirar jin kowace eriya. Ga jikin da ke motsi kuwa taswirar ma tana canzawa. Martin Uecker, a rukunin Frahm, ya ce to a nemo su tare, hoton da taswirar, cikin lissafi ɗaya da ake ta maimaitawa ana gyarawa. A 2010 suka wallafa bidiyon MRI mai hoto ɗaya a kowane milisakan 20. Daga wannan rukuni ne aka samu bidiyoyin nan da suka yaɗu a intanet, ciki har da na Sarah Willis, mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan Berlin, harshenta yana hawa da sauka da kowane amo. Frahm ya karɓi kyautar masu ƙirƙira ta Turai a 2018.

Kunnuwa 32 dai ba sa mayar da layi 10 ya zama 200. Abin da ya cike sauran shi ne aro daga lokaci, kuma a nan nake ganin ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Hoton yanzu bai cika bambanta da wanda ya gabace shi da milisakan 20 ba. Ƙoƙon kai yana nan, ƙashin wuya yana nan, harshe ne kawai ya gusa kaɗan. Don haka ana gaya wa lissafin: cikin dubban hotunan da za su iya dacewa da layuka goman nan, zaɓi wanda ya fi kama da na baya. Ana kuma juya layukan daga hoto zuwa hoto don kowane ya toshe ramin da maƙwabcinsa ya bari. A Stanford, Michael Lustig da David Donoho da John Pauly sun nuna a 2007 cewa idan hoto mai sauƙin matsewa ne, kamar yadda waya ke matse hotuna kafin ta tura su, ana iya gano shi daga awo kaɗan muddin an warwatsa awon. A New York kuma, a 2015, Ricardo Otazo da Emmanuel Candès da Daniel Sodickson suka raba bidiyon gida biyu, shimfiɗar da ke canzawa a hankali da ɗan abin da ke zabura a kanta, aka nemo kowanne da nasa sharaɗin. Sunayen suna da yawa, zancen ɗaya ne: ana ɗauka cewa yanzu ta yi kama da ɗazu.

Mafi yawan lokaci zaton gaskiya ne, shi ya sa hotunan ke fita sumul. Matsalar ita ce abin da aka shiga injin don a gani shi ne daidai wurin da zaton ya karye. Ɗauki wata tacewa da aka yi amfani da ita a Göttingen don share zare-zaren da suka rage: a kowane ɗigo na hoton ana duba hotuna biyar a jere, a ɗauki ƙimar da ta faɗo tsakiya. Zaren ƙarya yana bayyana a hoto ɗaya ya ɓace, don haka tacewar ta share shi. Madalla. Amma duk abin gaskiyar da bai wuce hoto biyu cikin biyar ba, shi ma ta share shi. Hausa tana da ra iri biyu, kuma a mai kaɗawar tsinin harshe yana taɓa dasashi ya sake cikin 'yan gomomin milisakan. Tacewar ba ta san bambancin wannan taɓawa da zaren ƙarya ba. Sai a samu bidiyo da aka rubuta masa hoto 50 a sakan, alhali ainihin abin da yake iya rarrabewa bai kai haka ba, harshen ya kusanci dasashi a hoton bai taɓa ba, mai nazari kuma ya rubuta cewa ba a rufe ba. Lambar hotuna a sakan, a ganina, ita ce lambar da ta fi yaudara a duk wannan fanni.

Gyaran da ya fi gamsar da ni shi ne wanda ya daina ɗaukar motsi a matsayin abokin gaba. A 2014 wasu masana lissafi na Göttingen, Housen Li da Axel Munk da abokansu, tare da Frahm, suka gwada ƙiyasta motsin kansa: a fara gano inda kowane yanki ya nufa tsakanin hoto da hoto, sannan a ari bayanan maƙwabta bayan an gusar da su zuwa inda ya kamata su kasance. Maimakon a ce harshe yana inda yake ɗazu, sai a ce yana inda tafiyarsa ta kai shi. Wannan yana rage dishi-dishin gefen gaɓoɓi masu sauri. Shi ma yana da nasa zaton, cewa abin da ke cikin hoton gusawa kawai yake yi. Jinin da ya kutso cikin yankin daga waje, ko leɓɓan da suka haɗe suka zama abu ɗaya, ba gusawa ba ne, kuma a nan lissafin kan yi tuntuɓe.

Akwai kuma ruɗani game da kalmar "nan take". Mai nazarin furuci ba ruwansa ko kwamfuta ta kwana tana lissafi, shi dai a auna da sauri. Yana ma iya barin lissafin ya leƙa hotunan gaba da na baya duka. Likitan da ke tura siririn bututu cikin jijiya zuwa zuciya yana kallon allo ba shi da wannan sararin, hoton gaba bai zo ba tukuna. Haka injunan da suka haɗa MRI da hasken ƙona ciwon daji, irin wanda aka fara jinya da shi a St. Louis a 2014 da wanda aka ƙera tare da asibitin jami'ar Utrecht a Holan. Ƙari a ƙasan huhu yana hawa da sauka da numfashi. In yana tafiyar santimita ɗaya a sakan, hoton kuma ya makara da rabin sakan, hasken ya sauka milimita biyar daga inda ake nufi, a kan nama mai lafiya. Don rage wannan jinkiri ne aka koma ga katunan GPU, waɗanda asalinsu don wasannin kwamfuta aka yi su, ana jera da yawa a akwati ɗaya kusa da injin. An kuma saki manhajoji kyauta irin su BART da Gadgetron don kowa ya iya gwada lissafin wani a kan nasa awon, abin da ya rage yawan cika baki a takardun bincike.

Sai ƙirƙirarriyar basira ta shigo, da alkawarin kyau da sauri a lokaci guda. Maimakon mutum ya rubuta zaton da hannunsa, sai a nuna wa manhaja dubban hotuna ta koyi yadda jiki yake kama. Koyon yana cin kwanaki, amma in an gama, gina hoto ɗaya ƙiftawar ido ne. Mafi ingancinsu, irin wadda Kerstin Hammernik ta Graz da abokanta na New York suka wallafa a 2018, ba sa sakin awon: manhajar ta gyara hoton, a koma a gwada shi da layukan da aka auna da gaske, a sake gyarawa, kamar sau goma. A shekarar ne kuma jami'ar New York da Facebook suka buɗe taskar fastMRI don kowa ya horar da tasa.

Taskar dai ta faro ne da gwiwoyi, sannan ƙwaƙwale, abubuwan da ke kwance shiru, waɗanda ake iya auna su cikakke a ce wa manhaja ga amsar. Ga harshe mai magana babu cikakken awo, da akwai shi da ba a fara wannan wahala ba. Masu aikin zuciyar yara a Landan sun horar da tasu da bidiyoyin riƙe numfashi da suka lalata da gangan. Wasu suna horarwa da hotunan da tsofaffin lissafai suka gina, sai ɗaliba ta gaji kurakuran malamarta. A Minnesota an fito da wata hanya mai wayo a 2020: a ɓoye wa manhajar wani kaso na ɗan awon da aka yi, a ce ta cinko shi. Duk da haka haɗarin bai kau ba, kamanni ya canza. Tsohon kuskure yana da fuska, likita yana ganin zare ko dishi-dishi ya san kada ya yarda. Kuskuren manhaja tsaf yake fita. Wani bincike da Vegard Antun da abokansa suka wallafa a 2020 ya nuna ɗan ƙaramin canji a awo yana iya birkita hoton, ƙananan abubuwa kuma su ɓace, kuma a gasar fastMRI ta wannan shekarar likitocin da suka yi alƙalanci sun ci karo da siffofin da manhaja ta ƙaga, masu kama da jijiya, a inda babu su. Shi ya sa masu taka-tsantsan suke gwada kowane sabon lissafi da wani abu na roba da mota ke juyawa da gudun da aka sani, su ga daga wane gudu hoton ya fara ƙarya.

Wani sauƙin ya zo ta inda ba a zata ba, ta rage ƙarfin maganaɗisun. A iyakar nama da iska maganaɗisu kan ɗan gurɓace, gurɓacewar kuma tana ƙaruwa da ƙarfinsa. Layin faifai ba ya jure wannan, sai hoton ya dushe a saman harshe da hanɗa da bakin huhu, wuraren da ake son gani. A 2019 Adrienne Campbell-Washburn da abokan aikinta a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka sauke wani inji na zamani zuwa tesla 0.55, suka nuna cewa huhu da zuciya suna fita da kyau, wayoyin ƙarfe da ake turawa cikin jijiya kuma ba sa zafi kamar da. Siginar ta ragu, lissafi ya cike. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasashenmu, inda iskar hiliyom da ake sanyaya maganaɗisu da ita da tsayayyar wutar lantarki suke wahala kuma da yawa daga injunan da ke akwai masu ƙaramin ƙarfi ne. Kada dai a yi saurin murna. Tsohon inji mai ƙaramin ƙarfi ba shi da ƙananan maganaɗisu masu saurin juyawa da tarin eriyoyin da na Amurkan ke da su, kuma ba manhajar da za ta ba shi su.

Batun ƙ kuwa, an riga an kai shi cikin injin. A ɗakin binciken Shrikanth Narayanan a Los Angeles, inda ake ɗaukar magana da hoto 83 a sakan tare da makirufo marar ƙarfe da ke tace ƙarar injin, Miran Oh da Dani Byrd da Louis Goldstein sun kwantar da masu jin Hausa, suka bi sawun maƙogwaronsu hoto bayan hoto suna furta waɗannan baƙaƙe. Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda ɗakin yake, ta kuma saki taskar mutum 75 a 2021, har da ɗanyen awon kafin a gina hoto, don masu lissafi su gwada dabarunsu. Akasarin abin da mutanen suka karanta Turanci ne, harshen da ba shi da ƙ ko ɓ a jerin baƙaƙensa. Manhajar da aka horar da wannan taska ta ga harsuna suna yin k sau dubbai, maƙogwaro yana zaune abinsa. Ran da aka kwantar mata da Bakano ya ce "ƙoƙo", tana da 'yan layukan awo da ke cewa maƙogwaron ya yi tsalle sau biyu, da kuma duk abin da ta koya da ke cewa ba ya yin haka.